Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Abin da Ya Kamata Ɗalibi Ya Sani Game da Fasfo da Biza

A Jihar Kebbi, ƙasar waje ba ta da nisa. Mutumin Kamba zai iya karya kumallo a gida, ya tsallaka Gaya cikin Jamhuriyar Nijar ya yi ciniki, ya dawo kafin la'asar. Daga Tsamiya ta ƙaramar hukumar Bagudo kuwa, hanya ta miƙe zuwa Segbana a Jamhuriyar Benin. Ga kuma filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa, kusa da Birnin Kebbi, inda jirgin farko na alhazan Nijeriya na shekarar 2024 ya tashi ranar 15 ga Mayu.

Wannan kusanci yana sa da yawa daga cikinmu mu taso da tunanin cewa fita waje magana ce ta kuɗin mota ko na jirgi kawai. Mu da muka riga ku shiga jami'a da shekara biyu ko uku, yanzu ne muke ganin yadda abin yake, domin lokaci ya yi da tsararmu suka fara neman tallafin karatu a Masar da Indiya da Saudiyya da Turkiyya. Abin da yake tsayar da mutum sau da yawa ƙarami ne: harafi ɗaya da ya bambanta a suna, ko ranar haihuwa biyu a takardu biyu. Kuma waɗannan takardu, ƙannenmu, yanzu kuke cike su a ajinku.

Fasfo daban, biza daban

Fasfo ɗan littafi ne da ƙasarka take ba ka, shaidar cewa kai ɗanta ne. A Nijeriya, Hukumar Kula da Shige da Fice ce kaɗai take bayar da shi, kuma tana da ofishin fasfo a Birnin Kebbi, don haka ba sai an je Abuja ba. Kore shi ne na gama-gari, shuɗi na jami'an gwamnati masu tafiyar aiki, ja kuma na jami'an diflomasiyya. Koren iri biyu ne: mai shafi 32 da yake aiki shekara 5, da mai shafi 64 da yake aiki shekara 10. Daga 1 ga Satumba 2025 kuɗin na farko ya koma Naira 100,000, na biyu kuma Naira 200,000, ga mai nema a cikin gida. Shekara guda kafin nan rabin haka ake biya.

Ana cike takardar neman a shafin hukumar na intanet, a biya kuɗi a can, sannan a je ofis a ɗauki hoto da zanen yatsu. Za a nemi lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, da takardar haihuwa, da takardar shaidar ƙaramar hukuma. Wanda bai kai shekara 18 ba sai ya haɗa da takardar amincewar iyaye, kuma fasfo mai shekara 5 ake ba shi.

Biza kuwa ƙasar da za ka je ce take bayar da ita, ta hannun ofishin jakadancinta. Wani lokaci a manna ta cikin fasfo, wani lokaci a turo ta ta intanet. Kowace biza tana faɗin abu uku: dalilin zuwanka, tsawon kwanakin da za ka yi, da sau nawa za ka iya shiga. Akwai ta ziyara, ta karatu, ta aiki, ta neman magani, ta Hajji, da ta yada zango ga wanda zai sauya jirgi a wata ƙasa. Wanda ya shiga da bizar ziyara ya kama aiki, ya karya doka, ko da kwanakinsa ba su ƙare ba.

Akwai abu na uku da mutane ba su cika sani ba. Biza tana kai ka bakin ƙofa ne kawai. Jami'in shige da fice da za ka tarar a filin jirgi shi ne mai magana ta ƙarshe. Yana iya tambayarka inda za ka sauka, da tikitin komawa, da kuɗin da za ka ci abinci. In amsarka ta saɓa wa abin da ke cikin takardunka, yana da ikon sa ka a jirgin da zai maido ka gida. Ƙasashe da yawa kuma ba sa karɓar fasfon da bai da sauran wata 6 kafin ya ƙare.

Makwabta: ba biza, amma da sharaɗi

Iyakar da ta raba Kamba da Gaya, ko Kangiwa da Dogon Dutsi, ba ta kai shekara 130 ba. Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata ta a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906. Kafin nan Arawa da Dandawa da Zabarmawa da Kabawa suna kai da komo ba tare da wani ya tambaye su takarda ba, kuma har gobe akwai gidajen da kawu yana wannan gefe, gwaggo tana wancan.

Abin da ya sa ba mu neman biza zuwa makwabta a yau shi ne ƙungiyar ECOWAS, wadda 'yan Nijar suke kira CEDEAO. An kafa ta a Legas a 1975, kuma a 1979 ƙasashenta suka sa hannu kan yarjejeniyar zirga-zirga. Yarjejeniyar ta ba ɗan kowace ƙasa damar shiga wata ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90, bisa sharuɗɗa uku: ya bi ta ƙofar iyaka da hukuma ta sani, ya riƙe ingantacciyar takardar tafiya, ya kuma riƙe katin rigakafi. Takardar tafiyar tana iya zama fasfo, ko takardar tafiya ta ECOWAS wadda ita ma Hukumar Shige da Fice take bayarwa, kuma ta fi fasfo araha.

Katin rigakafin shi ne katin nan mai ruwan ɗorawa, shaidar an yi wa mutum allurar zazzaɓin shawara. Yana fara aiki kwana 10 bayan allurar, saboda haka ba a yin ta ana gobe tafiya. A da sai an sabunta duk shekara 10, amma daga 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Katin da aka saya a tasha ba tare da allura ba, ba ya kare mutum daga cuta, kuma in an gano na bogi ne, tafiya ta tsaya.

Ku lura da maganar kwana 90. Wanda zai je karatu Jami'ar Musulunci ta Say, ko wata jami'a a Maraɗi ko Kwatano, zamansa ya wuce ziyara, sai ya nemi takardar izinin zama. Ya kuma bincika ko Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta amince da makarantar, domin a Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo bayan wani bincike ya bankaɗo cinikin takardun bogi.

Ƙofar makwabta ma takan rufe. A Agustan 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, kuma ta Kamba ba a sake buɗe ta ba sai Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka sake rufewa har zuwa Maris 2024. Ranar 29 ga Janairu 2025 kuma ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata. A ranar ƙungiyar ta sanar cewa za a ci gaba da zirga-zirga ba biza har sai an sake shawara. Wato sauƙin da muke ji na shiga Gaya ko Dosso ya dogara ne da yarjejeniya, ita kuwa yarjejeniya tana iya sauyawa.

Hanyar Makka

Kakannin kakanninmu da ƙafa suke zuwa Hajji. Sukan bi ta Barno da Cadi da Sudan, su tsallaka Bahar Maliya daga Sawakin. Tafiyar takan ci shekaru, wasu ma ba su dawo ba, shi ya sa har yau akwai garuruwan Hausawa da Fulani a Sudan, irin su Mai Wurno. A yau daga Ambursa awoyi kaɗan ne zuwa Madina ko Jidda, sai dai tantancewa ta yi tsanani.

Bizar Hajji takan bi ta hannun Hukumar Alhazai ta Ƙasa, wato NAHCON, wadda aka kafa a 2006, da hukumar jin daɗin alhazai ta jiha, ko kamfanonin jirgin yawo masu lasisi. Saudiyya tana neman shaidar rigakafin sanƙarau da shawara da shan-inna daga maniyyatan Nijeriya. Bizar Umara ko ta ziyara ba ta halatta wa mutum aikin Hajji a dokarsu. A 2025 hukumomin Saudiyya sun sanar da tarar da ta kai Riyal 20,000 ga wanda aka kama yana ƙoƙarin yin Hajji ba izini, baƙon da ya saci hanya kuma a maido shi gida a hana shi shiga ƙasar shekara 10.

Duk mun san kalmar takari, wato mutanenmu da suka je suka maƙale ba takardar zama. Wanda yake cikin wannan hali ba ya iya kai ƙara in an hana shi haƙƙinsa, yana tsoron asibiti, yana tsoron jami'in tsaro. In kuka ji an ce za a kai yarinya aikatau Saudiyya da bizar Umara, to irin wannan rayuwa ake shirin jefa ta.

Mai niyyar karatu

Bizar karatu tana farawa ne daga makaranta. Sai jami'a ta ba ka gurbi a rubuce kafin ofishin jakadanci ya saurare ka. Birtaniya, alal misali, tana neman lambar shaidar gurbi da jami'a take bayarwa, wadda ake kira CAS, da gwajin tarin fuka a asibitin da ta amince da shi, da shaidar cewa kuɗin makaranta da na zama sun kwana 28 a jere a asusun banki. Kuɗin da aka ranta aka zuba jiya don a buga takardar banki yau ba ya cika wannan sharaɗi.

A Turai akwai ƙasashe 29 da suka haɗu a yankin Shengen, irin su Faransa da Jamus da Italiya, inda biza ɗaya ta gajeren zama take shigar da mutum dukkansu. Iyakarta kwana 90 cikin kowane kwana 180. Kuɗinta Yuro 90 ne ga baligi, kuma sai da inshorar lafiya da za ta iya biyan Yuro 30,000. Mai dogon karatu kuwa bizar ƙasar da zai zauna zai nema. A nan da sauran wurare, in an ƙi ba ka biza, ba a maido kuɗin da ka biya.

Dokokin nan ba sa zama wuri ɗaya. Daga Janairun 2024 Birtaniya ta hana yawancin ɗalibai tafiya da iyalinsu. A Yulin 2025 Amurka ta rage yawancin bizar da take ba 'yan Nijeriya masu gajeren zama zuwa wata 3 da shiga sau ɗaya. Saboda haka labarin yayanku da ya tafi shekara biyar da suka wuce yana da amfani, amma abin da ke shafin ofishin jakadanci a ranar da za ku nema shi ne abin bi.

Abin da ya faru a iyakar Masar

Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF. Dubban 'yan Nijeriya ne suke karatu a ƙasar, yawancinsu 'yan Arewa. Gwamnati ta ɗauko motocin safa ta kwashe su zuwa iyakar Masar, amma da suka isa, sai suka shafe kwanaki a cikin hamada ba a bar su sun shiga ba. Masar tana da nata sharuɗɗan shiga, kuma gudun yaƙi bai soke su ba. Sai da gwamnatocin biyu suka daidaita sannan aka bar su suka wuce Aswan, rukunin farko ya sauka Abuja a farkon watan Mayu.

Darasin a fili yake. Ɗalibin da ke waje ya riƙe fasfonsa kusa da shi, ya kula da ranar ƙarewarsa, ya ajiye hoton shafin farko a waya da kuma wajen iyayensa. Da ya isa kuma ya kai sunansa ofishin jakadancin Nijeriya, domin ranar da aka tashi kwashe mutane, waɗanda aka san da zamansu ake fara nema.

Baƙin Argungu ma suna nema

Wani lokaci mukan ji kamar mu kaɗai ake wahalarwa. To ku dubi bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo garin a 1934, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Baturen da kuka gani da kyamara a bakin Matan Fada, ko a gidan tarihi na Kanta, bai iso nan ba sai da ya nemi bizar Nijeriya, ya nuna katin rigakafin shawara. Daga 1 ga Mayu 2025 Nijeriya ta koma bayar da bizar gajeren zama ta intanet a maimakon wadda ake karɓa bayan an sauka a filin jirgi. Baƙo daga Ghana ko Sanagal kuwa ba ya bukatar biza, saboda yarjejeniyar nan ta 1979. Kowace ƙasa tana son sanin wanda ya shigo mata, da abin da ya kawo shi, da ranar da zai fita. Sau da yawa ma ramuwa ake yi: yadda ƙasa ta yi wa 'yan wata, haka ita ma za a yi wa nata.

Masu ci da gumin matafiya

Babu wani ejan da yake bayar da biza. Iyakar abin da kamfani mai rajista zai yi shi ne ya taya ka cike takarda da sayen tikiti. Duk wanda ya ce maka biza tabbas ce in ka biya, ko yana da mutum a ciki, ko ka tura kuɗi asusunsa na kansa, to ka kama kanka. Irin waɗannan tallace-tallace sun cika Facebook da WhatsApp da TikTok. Mafi muni shi ne ejan ya haɗa maka takardar banki ko ta makaranta ta bogi, domin in an gano, sunanka ne zai shiga kundin waɗanda aka hana, shi kuwa ya riga ya ci kuɗinsa. A Birtaniya irin wannan hani yakan kai shekara 10.

Akwai kuma masu cewa ba sai da takarda ba, a bi ta Agadas a shiga Libiya a tsallaka teku. Da yake jiharmu tana bakin iyaka, masu safarar mutane suna bi ta cikinta. A 2017 duniya ta ga bidiyon da gidan talabijin na CNN ya fitar na yadda ake gwanjon 'yan ci-rani a Libiya. Alamun mai safara sanannu ne: zai ce kada ka gaya wa iyayenka, zai ce shi zai biya komai ka rama daga baya, zai kuma ce ka ba shi fasfonka ya ajiye. In kun ga haka, ku sanar da iyaye ko malami ko mai unguwa. Hukumar NAPTIP, wadda aka kafa a 2003, aikinta ke nan.

Abin da za ku yi tun yanzu

Na farko, ku zauna da iyayenku ku tsayar da suna ɗaya da rubutu ɗaya. Muhammad ne ko Mohammed ko Muhammadu? A'isha ce ko Aishatu? Sunan mahaifi ne a ƙarshe, ko sunan gari kamar Argungu ko Gwandu ko Jega? A wajenmu duk mutum ɗaya ne, amma kwamfuta ba ta san haka ba. Yadda aka rubuta a NIN, haka ya kamata ya fito a rajistar WAEC da NECO da JAMB, haka kuma a fasfo.

Na biyu, ranar haihuwa ɗaya. Kada ku yarda wani ya rage muku shekara a wajen rajistar jarrabawa da sunan taimako. Gyara daga baya sai da rantsuwar kotu da kuɗi da zirga-zirga, wani lokaci kafin a gama, wa'adin tallafin karatun ya wuce.

Na uku, wanda ba shi da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ya nemi iyayensa su kai shi ofishinta. Ku haɗa ta da takardar ƙaramar hukuma da ta NIN da sakamakon jarrabawa a jaka ɗaya, inda ruwa da gara ba za su kai ba. Mu da muke kwarin Rima mun san abin da ambaliya take yi wa kayan ɗaki.

Na huɗu, in kun je shagon kwamfuta cike wata takarda, ku karanta da idonku kafin a tura. Mai shagon yana da layin mutane a bayanku, kuskuren kuma naku zai zama.

Na biyar, ku riƙe Turanci da kyau, wanda ya samu dama ya ƙara da Faransanci ko Larabci. A wajen ganawar biza ba a shiga da ejan. Kai za ka faɗi abin da za ka karanta, da wanda zai biya, da abin da za ka yi in ka dawo.

Masuntan Argungu sun san ma'anar karin maganar da muka sa a kan wannan rubutu fiye da kowa. Ba wanda yake jira sai an ba da alamar faɗawa ruwa sannan ya fara gyaran gorarsa ko ɗinkin homarsa. Wataƙila tafiyarku sai nan da shekara biyar ko goma, wataƙila ma Gaya ce iyakarta. Ko ma ina ne, a wannan makon ku ɗauko takardar NIN da ta haihuwa da ta makaranta, ku jera su, ku duba ko sunan da ranar haihuwar sun zo daidai. In akwai saɓani, ku nuna wa iyayenku da malamin da ke kula da rajistar jarrabawa tun kafin a tura sunayenku.